Robar Malam Haruna Ba Ta Son Humra

Ke Salma, ajiye wayar nan ki dube ni. Ɗazu na ji kina gaya wa ƙawarki wai karɓo ayyina, abin da marasa lafiya ke bayarwa a gwada, ba aiki ba ne, wai miƙa roba ne a karɓo roba. To madalla da ilimi. Tunda wuta ta ɗauke kuma ba kowa a benci, ku jawo kujerunku ku matso, yau sai na ba ku labarin roba.

Ni ban yi karatun da kuka yi ba. Iyayena ƙwadagon auduga suka yi a Jazira, aure ne ya kawo ni Umdurman. Shara aka ɗauke ni in riƙa yi a wani ɗan mamal a bayan kasuwa, inda ake fahas, wato gwajin jini da fitsari da bayan gida. Mai wurin sunansa Ustaz Tajussir, Allah ya jiƙansa, dogo siriri mai tabarau mai kauri, ga faɗa kamar ya ari baki, amma ba ya riƙe mutum a zuciya. Wata safiya ina shara sai ga wata tsohuwa Bahaushiya da takardar likita. Ustaz ya karanta, ya ɗago ya ce mata da Larabci bayan gidanta ake so ta kawo. Ta ji sarai, Larabcinta ma ya fi nawa. Sai kawai ta ja tob ɗinta, mayafin nan namu, ta rufe fuska, ta juya ta kama hanya. Namiji, sa'an ɗanta, ya dube ta ido cikin ido ya ambaci wannan abu a gaban mutane! Na yar da tsintsiya na bi ta, na cim mata a gindin wata darbejiya, muka yi maganarmu ta mata da Hausa, ƙasa-ƙasa. Kafin azahar sai ga ta ta dawo da abin a ƙunshe. Ustaz ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya Asabe, daga yau tsintsiya ta huta."

Amma bai bar ni na shiga gidan kowa ba sai da ya zaunar da ni gaban maikiroskob, wanda mu madubi muke ce masa. Nasa tsoho ne, da ɗan gilashi zagayayye a ƙasa wanda ake karkatawa ya kamo hasken rana, don haka ɗaukewar wuta ba ta dame shi ba, taga kawai yake matsawa. Ya ce shi ba ya aiken mutum ya ɗauko abin da bai san darajarsa ba. Ya nuna min ƙwan bilharziya, wato tsargiya, mai ƙaya a gefe, irin wadda mutanenmu na Jazira ke kwasowa a ruwan gona. Ya nuna min ƙwan macijin ciki. Sannan ya nuna min amiba, mai kawo atini, tana miƙa ƙafa tana jan jiki a hankali. Na zabura na koma baya, ya yi ta dariya. Ya ce, "Wannan da ɗuminta ake kama ta. In ta huce sai ta dunƙule ta yi lamo, ba a raba ta da datti. Ni ido ne kawai, ya Asabe. Abin da kika kawo shi zan gani. In kin kawo min ƙarya, ƙarya zan rubuta."

Wannan robar da kuke miƙawa, mai cokali a jikin murfi da wurin rubuta suna, a lokacinmu ko a mafarki. A kwalin ashana mutane ke kawowa, kwali kuwa shanye ruwan yake yi, kafin a iso abin ya bushe ƙamas. Sai na riƙa bin masu ɗaukar hoto na kasuwa ina roƙon 'yan robobin nan baƙaƙe da fim ke zuwa a ciki. Wani ya tambaye ni me zan yi da su, na ce masa kayan ado zan ajiye, ya ƙara min biyu. In wanke su da sabulu, in ɗauraye, in kife su a rana har su bushe, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aiki. Tsinken ɗiba daga kaba nake fere shi. Da filastar da ake manna suna da sabulun kaina, kayan aikina ke nan, duk a jaka ɗaya.

Abin da nake raɗa wa mace a kunne ba shi da yawa. A shimfiɗa takarda mai tsabta ko a samu fo busasshe, kar a yi a bakin masai a kwaso da ƙasa. A fara yin fitsari daban. Buta ta jira a gefe sai an gama ɗiba. A duba inda majina take ko jini, nan za a sa tsinke, a ɗebo kamar ƙwallon dabino, a rufe, a wanke hannu da sabulu. Kun ji da sauƙi ko? To ke Salma je ki faɗa wa surukar wani wannan a tsakar gidanta, jikokinta na zaune. Ni ban taɓa shiga gida na fara da maganar ba. Sai na gaisa, na sha shayi, na tambayi mai jego da wanda ya tafi Saudiyya neman aiki, sannan in ja uwar gida bayan ɗaki in ce, "Inna, saƙon likita fa?" Saƙo muke ce masa. Da wannan kalmar na shiga gidaje daga Umdurman har Kalakla, ba wanda ya taɓa kora ta.

Kuma na ga abin dariya, kar ku so ku ji. Akwai wani dillalin raƙuma da ya shigo da gwangwanin madara babba, cike taf har murfi na ɗagawa, ya dire shi a kan teburin Ustaz yana haki. Ustaz ya ce, "Ya hajj, fahas za mu yi, ba taki muke saye ba." Akwai wata kuma da na bar wa roba ga kowane yaro, da sunansa a manne. Da na dawo ta miƙo min guda ɗaya, ta haɗe na yaran gaba ɗaya ta gauraya. Na ce, "Yaya, ina sauran?" Ta ce, "Yo ai kwano ɗaya suke ci, me za ki wahalar da kanki?" A unguwa Asabe mai roba ake ce min a gabana. A bayana kuwa na san sunan da ake kira na da shi, kuma ban taɓa waiwayawa ba.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda komai ya ɓace, ba a daɗe da sojoji suka karɓi mulki ba. Layin burodi tun asuba, layin fetur har ya kewaye unguwa. Gilasan fahas suka yanke, na koma wanke tsofaffi ina gogewa har suka yi dishi-dishi. Kantin magani ka shiga ka tarar da shi wayam. Likitoci suka daina rubuta magani a makance, don abin da za a samu da ƙyar ba a so a ɓata shi a kan cutar da ba ita ba. Kowace gada kuma da sojoji a bakinta, su sauke mutane daga hafila, wato bas ɗin haya, su duba jaka. Lokacin ba raksha mai ƙafa uku, balle wayar da za ka kira ka ce ga ni nan tafe.

A shekarar ne Malam Haruna ya kwanta. Limamin wani ɗan masallaci ne a Bahri, tsallaken kogi, a unguwar mutanenmu. Mahaifinsa daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zai je Makka, da sandarsa a hannu. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce, damina ɗaya ta zama aure da 'ya'ya da kabari. Da zai rasu ya miƙa wa Malam sandar ya ce ya ƙarasa da ita. Malam ya yi furfura sandar na rataye a ɗakinsa. Sai a shekarar nan 'ya'yansa da mutanen masallaci suka haɗa ƙarfi aka samar masa wuri a jirgin ruwan alhazai. Ana gama ƙaramar salla ciki ya murɗe masa. Majina da jini safe da yamma, har ya kai ba ya iya jan salla ya idar da alwalarsa.

Likita ya rubuta fahas. Babban ɗan Malam ya kawo mana roba a naɗe cikin hankici, Ustaz ya duba bai ga komai ba. Aka sake, aka kuma sakewa, shiru. Likitan ba shi da laifi, ya duba ya ga tsoho yana zubar da jini yana ramewa kuma fahas ya ce ba ƙwayar cuta, sai ya fara tsoron ko wani mugun abu ne ya tsiro a hanji. Ya ce a kai shi babban asibiti, maganar jirgi kuma a bar ta bana. To mutumin da ya kai shekarun Malam, in aka ce masa ya bari sai baɗi, shi ma ya san abin da ake nufi. Ɗan ya zauna a bencinmu ya haɗa kai da gwiwa.

Da ya tafi Ustaz ya kira ni. Ya ce, "Idona bai yarda ba. Duk sanda na ɗora ayyinar mutumin nan sai in ga ɗigon mai birjik, kamar an yi miya a gilashina. Tsakanin cikinsa da madubina akwai abin da ke faruwa. Gobe ki je ki gano min." Za ku ce ba mu ji wani ƙamshi ba? Yo a mamal ɗinmu kasko ba ya mutuwa, Ustaz da kansa yake zuba turaren wuta saboda hancin masu jira. Kuma duk abin da ya fito daga hannun matar ƙasar nan, ko takarda ce, da ƙamshinta take zuwa. Wa zai lura?

Da sassafe na haye Bahri. Matar Malam sunanta Inna Rakiya, gajeruwa mai tsabta kamar me, ita ke haɗa wa amaren unguwar humra da turaren wuta. Ta shimfiɗa min tabarma ta kawo shayi. Na ba ta roba na fara bayani, ta katse ni, "Duk na sani, 'yata, ai ba yau muka fara ba." Ta shiga wurin Malam da roba. Can an jima sai ga ta ta fito da ita a hannu, amma maimakon ta nufo ni sai ta yi rumfar girki. Na tashi na bi ta a hankali. Na tarar ta buɗe murfin, ta karkato kwalbar humra tana ɗigawa a ciki, ta sa tsinke ta juya, sannan ta ɗaga robar a kan kasko tana jujjuya ta cikin hayaƙi.

Na ce, "Innalillahi! Inna, me kike yi haka?"

Ta ce, "Gyarawa nake."

"Kullum haka kike yi?"

"To da fa?" Ta dube ni kamar ni ce na zo da sabon abu. "Yanzu ke 'yar nan, mutumin da ke tsayawa gaban sahu, wanda ya raɗa wa rabin unguwar nan suna, a ɗauki ƙazantarsa haka tsirara a kai gaban wani ƙato ya buɗe? Ina raye? Wallahi humrar da nake sawa ma ba ta sayarwa ba ce, ta ajiyata ce."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, wallahi har da hawaye. Daga baya kuma tausayinta ya kama ni, don ba wauta ba ce ta sa ta, suturar mijinta take karewa da abin da ta fi iyawa a duniya. Na kamo hannunta na ce, "Inna, abin da ke cin Baba Malam mai rai ne, ɗan mitsitsi. Da ransa muke so mu kama shi. Humrar nan kashe shi take yi, man da ke cikinta kuma ya rufe gawar, sai Ustaz ya duba ya ce ba kowa."

Ta dubi kwalbar humrar da ke hannunta. Can ta ce, "In dai humrata na kashe shi a roba, ai sai in ba Malam ya sha."

"A'a Inna, don girman Allah!"

Muka daɗe muna ja. Ita dai ta kafe, ba za a fita da abin haka daga gidanta a shiga mota cikin jama'a ba, wani ya ji wari ya tambaya a ce na liman ne. Da na ga ba ta da niyyar sakkowa sai na ce, "To Inna, mu yi haka. Ni zan ɗauka da kaina, a jikina, ƙarƙashin tob. Ki turara ni son ranki, ki bar roba ta huta." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce to wannan da dama.

Washegari kuwa ta cika alkawari har da ƙari. Tun kafin Malam ya kewaya ta tsayar da ni a kan kasko, ta turara tob ɗina ciki da waje, ta shafe min wuya da hannuwa da humra. Ko ranar aurena ban yi wannan ƙamshin ba. Aka kawo roba da ɗuminta, na ɗaure ta a ƙugu ta manne da fata, na fita da sauri na samu hafila. Duk wanda na gifta sai ya waiwayo. Wata mata a gefena ta ce, "Mabruk, ya arusa," wai barka amarya, na ce Allah ya bar zumunci.

Muna isa bakin gada aka tsayar da mu, kowa ya sauka. Wani soja matashi, gashin baki ma bai gama fito masa ba, ya ga mace tana ta ƙamshi da sassafe ta dafe ƙugu da hannu ɗaya. Shi a tunaninsa giya na ɓoye, ƙamshin kuma na rufe wari ne. Ya kira ni gwaggo da Larabci, ya ce, "Ya hala, me ke nan?"

Na ce, "Ɗana, saƙon likita ne. Ka bar shi."

"Fito da shi."

Na kwance na miƙa masa. Na ce, "Ɗana, ina ba ka shawara tsakani da Allah, kar ka buɗe."

Ya buɗe. Ba buɗewa kaɗai ba, har ya kai hanci. Abokansa suka fashe da dariya, ɗaya har ya jingina bindiga yana riƙe ciki, fasinjoji kowa ya sa hannu a baki. Kunya ta sa yaron ya fusata, ya ce hafila ta tafi, ni kuma in tsaya a gefe sai ya sallame ni. Ina tsaye a rana ina jin robar tana tashi aiki a hannuna. Da ya huce ya ce in tafi, ba mota, da ƙafa na haye gadar. Na isa mamal jiƙe da gumi, humra da zufa sun haɗu. Ustaz ya ɗora ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ɗigon man nan ya tafi, wannan kin yi aiki. Akwai abin da nake zargi, amma ya mutu a hanya, ni kuwa ba na sa hannu a kan zargi." Na ji kamar in yi kuka, don ayarin farko na alhazai ya riga ya fara haɗa kaya.

Ustaz ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "To tunda ayyina ta kasa haye kogi, madubi zai haye." Mutumin da ba ya bari ko ƙura ta taɓa madubin nan, ya naɗe shi da tawul ya sa a akwatinsa na katako, da safe ya rungume shi a cinya cikin hafila. A gada muka tarar da sojan jiya. Yana hango ni ya toshe hanci da hannu ɗaya yana kaɗa ɗayan, "Wuce, ya hala, wuce, ke da duk wanda ke tare da ke!" Ko akwatin bai kalla ba.

A tsakar gidan Malam muka ajiye ɗan tebur inda rana ke sauka. Inna Rakiya ta so ta yi gardama a kan shigowar baƙon namiji, sai muryar Malam ta fito daga ɗaki, siririya, ya ce a bar shi ya shigo. Muka jira. Da lokaci ya yi ita da kanta ta kawo robar, ba humra ba hayaƙi, ta miƙo ta tana kau da fuska. Na san abin da wannan miƙowar ta ci mata. Ustaz ya ɗiga ruwan gishiri a gilashi, ya taɓo majinar da tsinke, ya rufe, ya karkata ɗan gilashin ƙasa ya kamo rana. Bai daɗe ba ya buga cinya. "Allahu Akbar! Ga ta nan, 'yar banza! Ya Asabe, zo ki gani!" Na leƙa. Amiba ce, ba ɗaya ba, suna ta jan jiki, cikinsu cike da jinin bawan Allah. Atini ne kawai, wanda ƙwayar magani ke kashewa. Ban san sanda na rangaɗa guɗa a gidan liman ba.

Ustaz ya ce in kira hajja, wato Inna Rakiya, ita ma ta gani. Da ƙyar ta matso. Ta fara rufe idon da ya kamata ta buɗe, na gyara mata. Ta ƙura ido, sai ta ce, "La'ilaha illallahu! Tafiya yake yi!" Ta ɗago ta dubi gilashin da idonta ba ta ga komai ba, ta sake leƙawa. "Yanzu wannan ɗan abin ne ya kwantar min da Malam? Ni kuma ina nan ina ta shafa masa humra kamar amarya!"

Daga cikin ɗaki muka ji dariya, irin wadda ke fita da tari. Ɗan Malam ya ce rabon da ya ji dariyar mahaifinsa tun kafin salla. Sai ga shi ya fito, ya rame har rawani ya yi masa yawa, yana dogara sandar mahaifinsa. Ya gaisa da Ustaz, ya ce shi ma a nuna masa. Ya sunkuya ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Subhanallahi. Ashe baƙi na yi ban sani ba. To Ustaz, a taya ni sallamar su, ina da tafiya."

Likita da ya ga sakamakon ya fi kowa murna, ya ce bai taɓa jin daɗin a ce tsoronsa bai tabbata ba kamar ranar. Ya rubuta magani, 'ya'yan Malam suka bazu a kantunan Bahri da Umdurman da Khartoum har aka haɗa shi. Ɗaci gare shi, Malam ya sha yana yamutsa fuska, Inna na tsaye a kansa ba ɗaga ƙafa. Jini ya tsaya, ya fara shan kunu, ya koma cin kisrarmu ta dawa. Na sake zuwa na karɓo roba, wannan karon Inna ta miƙo min ita ba ko gezau, Ustaz ya duba ya ce gida ya zama fanko. Da ayarin ƙarshe Malam ya tafi, sanda a hannu.

Bayan babbar salla da 'yan makonni, wata safiya benci cike da mutane, sai ga Malam Haruna a bakin ƙofar mamal cikin farar jallabiya, ya yi kumatu, Inna Rakiya na bayansa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa barka da sauka. Sai na lura hannunsa ba komai. Na ce, "Baba Malam, ina sandar?"

Ya ce, "Ta yi ɗawafi, ta hau Arfa. A Mina na haɗu da wani tsoho ɗan ƙasar Haɗeja, na ba shi labarinta, na ce ya mayar da ita gida. Ta gaji da zaman hanya."

Ustaz ya cire tabarau yana gogewa alhali ba abin da ya same shi. Inna ta jawo ni gefe ta damƙa min 'yar kwalbar turare ta Makka. Ta ce, "Wannan naki ne, 'yata. A wuya ake sawa, ba a roba ba." Kwalbar tana nan a akwatina har yau, turaren ya ƙare amma in na buɗe da sauran ƙamshi.

Suna shirin tafiya sai Malam ya lura da wani magidanci a ƙarshen benci. Tun shigowar liman mutumin ya tura hannu cikin aljihu yana ɓoye robarsa, ya sunkuyar da kai, lokacinsa ya zo an kira shi ya ƙi tashi. Malam ya je ya tsaya a gabansa, a cikin jama'a, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Fito da ita, ɗana, kar ta huce. Ni ɗin nan da kake gani, ta cikin robar nan na bi na je Makka."

To kun ji labarin roba. Yanzu Salma, dubi bakin ƙofa. Kin ga matar can da takarda a hannu, wadda ta ja tob ta rufe fuska? Juyawa za ta yi. Bar wayar a nan, tashi ki bi ta.